Maɗaurin Gwiwa Ba Ya Maye Gurbin Jijiya

Jama'a, a yau za mu duba maɗaurin gwiwa, watau abin nan da mu ke gani a ƙafafun 'yan wasa da waɗanda suka yi haɗari. Da yawa suna zaton da zarar an ɗaura shi an warke. Wannan zato kuwa ya sha mai da ƙaramin ciwo babba.

Manyan jijiyoyi 4 ne ke riƙe da gwiwa. Biyu suna gefe da gefe, suna hana ta karkacewa. Biyu kuma sun gitta juna a tsakiyar gaɓar, suna hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ko baya.

In ta gefen ciki ce ta yage, maɗauri mai ƙarfe biyu masu lanƙwashewa daidai gaɓa yana da amfani ƙwarai. Yakan bar gwiwa ta naɗe ta miƙe, ya tsare ta daga karkacewa, har jijiyar ta haɗe da kanta, galibi cikin mako 6 ko fiye.

Ta gaba daga cikin masu gittawa kuwa, da wuya ta haɗe da kanta in ta tsinke. Irin wannan maɗauri ya yi suna ne a ƙarshen shekarun 1960, sa'ad da aka ƙera shi a asibitin Lenox Hill na birnin Niyok, ɗan wasan Amurka Joe Namath ya riƙa shiga fili da shi. Amma binciken da ya biyo baya ya nuna a tafiya ta hankali ne ya ke rage zamewar ƙashi. In aka zo ga tsalle da juyin gaggawa, ƙarfin ya fi ƙarfinsa. Na roba mai kama da safa kuwa, ɗumi da natsuwa kaɗai ya ke bayarwa.

Har ila yau, wanda ya daɗe da gwiwa a ɗaure bai motsa ta ba, naman cinyarsa yakan zube, gaɓar ta sandare. Alhali naman cinyar nan shi ne mai gadin gwiwa na ainihi.

Saboda haka, mai karatu, in gwiwarka ta kumbura bayan faɗuwa, ko ta riƙa kuɓuce maka, je asibiti a gano jijiyar da ta taɓu kafin ka sayi maɗauri. Ka kuma lizimci motsa jikin da masu gashin ƙashi suka tsara maka. Bayan tiyata, likitoci kan ce a jira kamar wata 9 kafin a koma fili. Sauri ya kan haifi nawa.