Ɗakin Maigadi a Ikoyi

Mun saba tura jaruman labaranmu Legas ci-rani, mai gida ya watso musu kaya waje, mu kai su kotu su yi nasara. Anya kuwa?

Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ba mai biyan shekara notis na wata shida, mai biyan wata-wata kuma wata guda, in babu wata yarjejeniya daban. Amma da bakinta ta cire Apapa, Ikoyi, Victoria Island da Ikeja GRA, har da ɗakunan da makarantu ke ba ɗalibansu.

A ganinmu an yi kuskure, kamar masu kuɗi kaɗai ke kwana a Ikoyi. Maigadi fa, mai ɗan ɗakin bakin ƙofa? Ko a Agege ba ɗan haya ba ne. Aiki ya ba shi ɗakin, ba ya biya, ba shi da rasit. In an sallame shi, notis na kwana bakwai kawai dokar ta tanadar wa irinsa. A Ikoyi kuwa wannan dokar ba ta ma san da shi ba.