Mazaunin buji cikin inji

Ƴan uwa masu motoci, buji ke ƙyasta wutar da ke ƙone isansi cikin silinda. A inji mai supap huɗu, buji yana tsakiya, wuta ta isa kowane gefe lokaci guda. Inda supap biyu ne, sukan tura shi gefe, tafiyar wuta ta yi tsawo. Shi ya sa kamfanin Bajaj ya sanya buji biyu a babur ɗin Pulsar a 2003. Saboda haka kada araha ta ja ku ga bujin wani inji: gajere kan maƙale cikin rami, mai ya tafi banza, dogo kan iya taɓa fiston. Ku tafi kasuwa da lambar bujinku. Araha ba ta ado.