TSOFAFFIN KAKURI HUJJA NE A KANMU

  

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, a watan jiya mun ƙetare gada zuwa Makera domin wa'azi. Bayan sallar Asuba muka tarar da wani dattijo a ƙofar masallaci da ƙoƙo a gabansa, ya sunkuyar da kai irin na wanda bai saba roƙo ba. Da muka zauna da shi, sai ya zaro wata leda daga aljihu, ya nuna mana katin aikinsa na wata masaƙa inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watsu neman abinci, mai gidan haya kuma ya ba shi wa'adi. Muka tambayi limamin ko shi kaɗai ne, ya ce mu dawo ranar Juma'a mu ƙirga da kanmu.

Wanda ya san tarihin kudancin Kaduna ba zai yi mamaki ba. A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, sannan UNTL da sauran masaƙu suka biyo baya, mutane suka kwararo daga ko'ina a Arewa suna aiki dare da rana. A 2002 KTL ta rufe, ma'aikatanta suka yi shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa har suka koma ga Allah ba su karɓa ba. Rikicin 2000 da na 2002 kuma suka raba garin, Musulmi da dama suka tashi zuwa arewacin kogi. Masu ƙarfi da masu hali su ne suka iya tashi. Waɗanda suka rage a Kakuri da Makera da Nasarawa, cikinsu akwai tsofaffin da ba fansho, ba gona, ba ɗa a kusa.

To, da muka kawo shawara a wani zama cewa a tanadi gida da asusu domin irin waɗannan bayin Allah, sai wani ya miƙe ya ce gidan tsofaffi al'adar Turawa ce, Musulmi ba ya kai iyayensa gidan ajiya. Aka yi kabbara, aka tashi, ba a yanke komai ba. Wannan magana ita muke son warwarewa.

Rabinta gaskiya ce, kuma ba mu musa ba. Allah (S.W.T.) a Suratul Isra'i, aya ta 23, Ya haɗa kyautata wa iyaye da tauhidi, Ya kuma ambaci lokacin tsufansu musamman. Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, har ma ba ya halatta ya biya wannan wajibi da zakkarsa. Duk wanda yake da ɗaki da abinci, ya tura mahaifinsa wani wuri don ya huta da ɗawainiya, ya saɓa wa Allah, kuma ba da yawunmu ba.

Amma ina hukuncin tsohon da ba shi da ɗa? Ina na wanda ɗansa ya fi shi talauci? Shin mai wancan magana ya ɗauki ko da mutum ɗaya daga cikinsu ya kai gidansa? Idan gidan kula da gajiyayyu abin kunya ne, to barin dattijo mai furfura yana kwana a rumfar kasuwa me za a kira shi? Gaskiyar magana, ana fakewa da guzuma ne a harbi karsana: an ɗauko ƙyamar al'adar Turawa an lulluɓe rowa da ita.

Mu duba magabata. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaj cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya ga wani tsoho makaho Bayahude yana bara, ya kama hannunsa ya kai shi gidansa ya ba shi abin da ya samu, sannan ya umarci ma'ajin baitulmali ya riƙa kula da shi da ire-irensa, ya kuma ɗauke musu jiziya. Bayahude ke nan, ina ga wanda muke haɗa sahu da shi sau biyar a yini? Shi dai Umar ɗin ne ya sami gona a Khaibara, Manzon Allah (S.A.W.) ya nuna masa ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Sayyidina Usmanu (R.A.) kuma ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a. Wannan shi ne waƙafi, kuma Sunna ce tabbatacciya. Mu da muke kiran mutane zuwa ga raya Sunna, yaya aka yi muka raya ta a tsawon wando da gemu, muka bar ta ta mutu a aljihu?

Abin da ya fi ciwo shi ne, a cikin Kakuri ɗin nan akwai asibitin Katolika na St. Gerard, wanda yake tsaye tun kafin Nijeriya ta sami mulkin kai, kuma Musulmi da Kirista duk suna zuwa. Ba mu kawo wannan don yabon aƙidarsu ba, mun kawo ne don mu ji kunya. Su sun gina abin da ya rayu bayan mutuwar waɗanda suka gina shi. Mu kuwa taimakonmu na yanayi ne: buhun shinkafa a watan azumi, a tara gajiyayyu a rana, a ɗauki hoto, sai kuma baɗi. Alhali cikin attajiranmu akwai mai zuwa Umra duk shekara, akwai mai kashe wa bikin 'yarsa abin da zai ciyar da unguwa. Umra ta nafila ce, ceton mai yunwa kuwa farilla ce a kan al'umma, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi.

Kada a ce ba mu da tsari. Ƙungiyar da take iya tara fatun layya daga kowane lungu, ta gina masallatai da makarantu, ta fitar da 'yan agaji cikin kaki a kowane wa'azin ƙasa, ba za ta gaza rubuta sunayen tsofaffin unguwa ba. Jihar Kano ta kafa hukumar zakka da hubusi tun 2003, saboda haka ba sabon abu muke nema ba.

Don haka muna kira da abu uku. Na farko, kowane masallacin Juma'a a kudancin kogi ya buɗe littafi, ya rubuta tsofaffin da ba su da mai kula da su, cikin sirri da mutuntawa. Na biyu, masu hali su sayi gidaje da shaguna su yi waƙafi da su, a rubuce, da shaidu da amintattu, kuɗin hayar ya tafi ga abinci da magani da kuɗin ɗaki, a kuma karanta lissafi a gaban jama'a duk shekara. Na uku, wanda za a iya riƙewa a ɗakinsa a riƙe shi a can, wanda kuwa ba shi da matsuguni a ba shi ɗaki a gidan waƙafi kusa da masallacinsa, kada a raba shi da maƙwabtan da ya tsufa a cikinsu. Kuma idan yunwa ta kawo tsohon abokin aikinsa Kirista, kada a kore shi, domin Umar bai kori Bayahude ba.

Dattijon Makera bai roƙe mu komai ba. Ya mayar da katinsa cikin leda, ya yi mana addu'a. Mu ne za a tambaya game da shi ranar da dukiya ba ta da amfani. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.