Daga ofis zuwa Kasuwar Sabon Gari: Wane jari ɗan fansho zai shiga da shi?

A ƙa'idar aikin gwamnati, ma'aikaci yana ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, ban da malaman makaranta da dokar 2022 ta ɗaga musu zuwa 65 ko 40. Wanda ya kama aiki da ƙuruciya yakan fito da sauran ƙarfinsa, ga iyali, ga tsadar rayuwar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Shi ya sa da yawa a Kano, da zarar garatuti ya shigo hannu, sai su nufi Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, wato Kasuwar Sabon Gari, neman rumfa.

Kuɗin nan kuwa ba da sauƙi yake fitowa ba. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ce ta gaji bashin haƙƙoƙin 'yan fansho na kusan Naira biliyan 48, kuma a ƙarshen 2023 ta fara biya da biliyan 6. Wanda ya yi shekaru yana jiran haƙƙinsa, idan ya zuba shi duka a harkar da bai sani ba, ba shi da wani garatutin da zai dawo da shi.

Kasuwa tana da nata karatun. Ɗan kasuwar da ya tashi a yaron shago ya san lokacin sari, ya san wanda ake ba bashi da wanda ake ba haƙuri. Tsohon darakta bai san wannan ba, ga shi kunya tana hana shi bin bashi. Akwai kuma haɗarin da ba ya tambayar ƙwarewa: gobarar watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna a wannan kasuwa cikin dare ɗaya.

Sai dai ɗan fansho yana da jarin da wuta ba ta ci. Mutumin da ya fara da koyarwa, ya koma akawu, ya ƙare a ofishin haraji ko kotu, ya tara abin da kasuwa take ƙishirwarsa. 'Yan kasuwa da yawa suna juya miliyoyi ba tare da littafin lissafi ba. Wasu sun kasa samun rancen banki saboda ba su yi rajista da hukumar CAC ba. Rigimar gado da ta haɗin jari kan rufe shago saboda ba a rubuta yarjejeniya ba. Duk wannan aikin mai alƙalami ne, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Kano ta ga irin wannan a rayuwar Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule. Ya yi malanta, ya zama ministan ma'adinai da lantarki a Jamhuriya ta Farko, ya shugabanci hukumar sauraron koke-koken jama'a a 1976, sannan ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Bayan ya bar muƙami, ya shafe shekaru yana nasiha da faɗakar da matasa, ko da idonsa ya samu matsala, har rasuwarsa a 2017. Abin da ya tara a ayyukan nan mabambanta shi ya raba wa jama'a.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Sabon Gari za su iya ware wuri a ofishinsu, inda tsofaffin ma'aikata za su riƙa koya wa yaran shago lissafi, su rubuta yarjejeniyoyi, su zauna sulhu, a ba su ɗan abin hasafi. Su ne kuma suka fi cancanta su wayar da kan 'yan kasuwa game da tsarin fansho na masu sana'ar kansu da hukumar PenCom ta ƙaddamar a watan Maris na 2019, domin tsufa yana zuwa wa mai rumfa kamar yadda yake zuwa wa mai ofis.

Wanda ya ƙudurta yin kasuwancin da kansa, ya fara da kaɗan, ya zauna a gefen wanda ya sani na tsawon shekara guda, ya bar mafi yawan garatutinsa a ajiye.