Bashin Tsohon Soja

A birnin Landan, a wata unguwa da ake kira Celsi, akwai wani babban gida na tsofaffin sojoji. Sarkin Ingila Charles na Biyu shi ya ba da umurni a gina shi a cikin 1682, don mayaƙan da suka tsufa ko suka sami rauni su sami wurin zama. Har yau gidan yana nan. Tsofaffi wajen ɗari uku ke zaune a ciki, ana gane su da doguwar jar riga. Tun daga 1692 maza kaɗai ake karɓa, sai a cikin 2009 aka fara karɓar mata.

To, gina gida abu ne mai sauƙi, riƙonsa shi ne aiki. Kullum sai an dafa abinci, an wanke tufafi, an sayi magani, an biya likita da masu jinya. Ina za a sami kuɗin?

Da fari dabarar da aka yi ita ce a riƙa yankar wani abu daga albashin sojojin da ke bakin aiki. Wannan ba daidai ba ne, gama da ma albashin soja bai taka kara ya karya ba, kuma ba kansa kaɗai ya tsare ba, ƙasa duka ya tsare. Ga kuma wata matsala. Ma'ajin gidan na wancan zamani, wani basarake mai sarautar Ranila, bai riƙe amana ba. Aiki ya yi ta jan jiki, har sai da aka shekara goma kafin tsofaffin su tare.

A cikin 1847 aka bar wannan hanya, gwamnati ta ɗauki nauyin. Yanzu kowace shekara tana ba gidan kuɗi. Tsohon da aka karɓa yakan bar wa gidan fanshonsa na soja, a ba shi ɗaki da abinci da sutura da magani. Masu hali suna ba da gudummawa. Tun 1913 kuma ake yin kasuwar nunin furanni a filin gidan, wadda ke kawo masa ƙarin kuɗi.

Waɗansu sukan ce, ai sadakar mutanen kirki ta isa, kada a taɓa kuɗin haraji. Amma sadaka kamar ruwan sama ce, bana ta yi yawa, baɗi ta yi ƙaranci, ciki kuwa ba ya jiran damina. Ban da haka, mutumin da ya ba da ƙuruciyarsa don jama'a su yi barci lafiya, bai kamata a mai da shi almajiri ba. Abin da ake ba shi bashi ne ake biya.

Saboda haka abu biyu ke riƙe irin wannan gida. Na ɗaya, kuɗi tabbatacce daga baitulmali. Na biyu, ma'aji mai gaskiya wanda ake duba littattafansa kowace shekara. In aka rasa ɗaya, tsofaffi ke shan wahala.

Yara, in kun ga tsohon soja yana dogara sanda, ku gaishe shi da ladabi. In kun girma kuma, kuka riƙe aikin hukuma, kada ku manta da haƙƙinsa.