Bangaskiyarmu Ba Caca Ba Ce



Akwai wata magana da ta fara samun gindin zama a bakin masu wa'azinmu, musamman a taron matasa da wa'azin fili. Mai wa'azi zai ce: "Ka ba da gaskiya kawai. In akwai Allah ka ci riba, in babu ba ka yi hasarar kome ba." Jama'a su ce Amin, har da tafi. Mu kam ba mu ce Amin ba, kuma muna roƙo a daina wannan koyarwa a majami'unmu.

Maganar tana da asali. Mai ita shi ne Blaise Pascal, mutumin Faransa, masanin lissafi, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662. A 1654 shi da wani masani mai suna Fermat suka yi ta musayar wasiƙu a kan yadda 'yan caca za su raba kuɗi in wasa ya tsaya bai ƙare ba, daga nan ne ilimin lissafin yiwuwa ya kafu. Bayan mutuwarsa aka tattara rubuce-rubucensa, aka buga su a 1670. A ciki ya nuna cewa hankali kaɗai ba zai yanke ko akwai Allah ko babu ba, amma dole kowa ya zaɓi gefe, gama ƙin zaɓa ma zaɓi ne. Tun da ribar gefe ɗaya rai madawwami ce, abin da za a rasa kuwa ɗan kaɗan ne, mai wayo sai ya zuba a gefen Allah.

Ba mu raina Pascal ba. Da masu shakka yake magana, mutanen da suka san teburin caca fiye da sujada, ya bi da su ta harshen da suke ji. Shi kansa kuwa ba lissafi ne ya kawo shi ba. A daren 23 ga Nuwamba 1654 ya gamu da Allah ta hanyar da ta girgiza shi, ya rubuta shaidar a takarda, ya ɗinke ta cikin rigarsa, sai bayan ya mutu aka same ta. Masu wa'azinmu sun ɗauki lissafin, sun bar shaidar.

To, mu zo gida. Wa zai dubi idon mai bi a garuruwanmu ya ce masa bai yi hasarar kome ba? Muna da 'yan'uwa da aka hana su gādo ranar da aka yi masu baftisma. Muna da waɗanda aka karɓe masu gona, da waɗanda suka yi shekaru a ofis ba ƙarin girma saboda sunansu. Ikkilisiyoyi nawa ne suke sujada a ƙarƙashin rumfa domin takardar fili ta ƙi fitowa? A Fabrairu 2018 aka sace 'yan makarantar Dapchi, a watan Maris aka sako mafi yawansu, aka riƙe Leah Sharibu domin ta ƙi musun Ubangijinta. Yarinya 'yar shekara 14. A je a gaya wa iyayenta cewa bin Yesu ba ya cin kome. Wanda ya ƙoshi ne yake faɗin wannan.

Littafi Mai Tsarki ma bai yarda ba. A 1 Korantiyawa sura 15, Manzo Bulus ya ɗora kome a kan tashin Almasihu daga matattu, ya kuma nuna a fili cewa in tashin bai faru ba, hasararmu ta fi ta kowa, mu ne abin tausayi. Bulus bai san wata bangaskiya marar hasara ba.

Ga kuma abin da ya fi damunmu. Wannan lissafi ba ya nuna wane Allah za a bi. Maƙwabcinmu Musulmi yana iya juyo mana da shi daidai yadda yake, gama shi ma yana da alkawarin Aljanna da gargaɗin wuta. Saurayin da muka koya masa ya auna riba da hasara zai zauna wata rana ya auna da kansa: can akwai aiki, akwai aure, akwai kwanciyar rai, nan kuwa sai tsanani. Ina kuke tsammani ma'aunin zai karkata? Mu da hannunmu muka ba shi mudun. Matasan nan fa sun riga sun saba da shagunan cacar ƙwallo, sun san in ƙungiya ta fara faɗuwa akan koma wata.

Kada a ce muna gāba da tunani. A kawo tambayoyi, a bincika shaidar manzanni a kan kabarin da aka tarar ba kowa, a karanta annabawa, mai shakka ya faɗi shakkarsa ba tare da an tsawata masa ba. Toma ya yi shakka, Ubangiji bai kore shi ba, ya nuna masa hannuwansa.

Roƙonmu ga dattawa shi ne ku zauna da masu wa'azin da kuke gayyata kafin su hau bagadi. A ajin baftisma kuma a karanta Luka 14 daga aya 25 zuwa 33 tare da kowane mai neman shiga, a tambaye shi ko ya san abin da zai iya rasawa a garinsa, a bar shi ya amsa da bakinsa kafin a kai shi ruwa.