Zhaodi: Sunan Da Ke Shaida Wa ’Ya Mace Cewa Ba Ita Ake Jira Ba

A ƙasar Sin akwai mata masu yawa da ke amsa sunan Zhaodi. A harshen Mandarin, “zhao” na nufin yafito wani ko kiransa, “di” kuma ƙane namiji. Ke nan ma’anar sunan ita ce “kirawo ƙane”. Akwai makamantansa irin su Laidi, wato “ƙane ya zo”, da Pandi, wato “ana fatan ƙane”.

Sunan ya samo asali ne daga tsohuwar al’adar fifita ɗa namiji, wanda ake ganin shi ne zai ci gaba da ɗaukar sunan gida, ya kuma riƙe iyaye idan sun tsufa. Ya fi yaɗuwa a karkara, har ma an samu fitattu masu amsa shi, kamar Chen Zhaodi, ɗaya daga cikin ’yan wasan ƙwallon raga mata da suka ci wa ƙasar Kofin Duniya a 1981.

Dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ta yi aiki daga 1980 zuwa ƙarshen 2015, ta ƙara tsananta neman ɗa namiji. Ƙidayar 2020 ta nuna maza sun fi mata yawa da kusan miliyan 35.

A ’yan shekarun nan, mata da dama sun riƙa zuwa ofisoshin rajista suna neman sauya wannan suna, musamman bayan da kundin dokokin farar hula da ya fara aiki a Janairun 2021 ya jaddada ’yancin mutum na sauya sunansa. Suna da gaskiya.

Wasu na cewa fata ne kawai na iyaye, ba ƙiyayya ba, kuma sauya shi butulci ne. Amma iyaye sau ɗaya suke raɗa suna, ita kuwa yarinyar da shi za a kira ta a aji, a wurin aiki, har a takardar aurenta. Duk lokacin da aka kira ta, ana tuna mata cewa wani ake so ba ita ba.

Don haka bai kamata jami’an rajista su riƙa wahalar da waɗannan mata ba. Su kuma iyaye, su raɗa wa ’ya mace sunan da ke magana a kanta ita kanta.